Yadda Gwani Ke Ɗaukar Baƙuwar Fuska a Kwanar Dangora

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, ko da bai taɓa sauka daga mota ba. Nan ne hanya ke rabuwa. Mai zuwa Zariya da Kaduna ya miƙe, mai zuwa Tudun Wada da Doguwa ya karya kwana ya ratsa dajin Falgore, in tafiyar mai nisa ce ya ɓulle Saminaka har Jos. Mutanen Kiru da na Bebeji nan suke fitowa su tari mota. Shi ya sa wurin ba ya rabo da jama'a, kuma rabin jama'ar ba su san juna ba. Direban tirela da ya kwana a hanya yana wanke fuska da buta, Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, ɗan kamasho yana ƙwala kiran saura mutum ɗaya, manomi ya ɗauro buhun masara a bayan babur, 'yan talla sun yi wa mota caa tun ba ta gama tsayawa ba. Mai neman fuskokin da zai ɗauka, in ya zo nan, kakarsa ta yanke saƙa.

Sai dai ganin fuska daban, samun hotonta daban. Yanzu kowa na da kyamara a aljihu, kowa kuma na iya laɓewa bayan gilashin mota ya saci hoton mai rake. Irin wannan hoton da gani ake gane shi: mutumin yana kallon wani wuri, baki a buɗe, rabin kai a yanke, babu abin da ya gaya maka game da shi sai cewa talaka ne a bakin titi. Aikin da nake yabo wani ne daban. Shi ne ka tunkari wanda ba ka taɓa gani ba, yana tsakiyar neman abincinsa, yana da dalilai goma na ƙin yarda, amma cikin 'yan mintuna ka sa ya tsaya, ya dubi kyamara da son ransa, ya ba ka fuskar da iyalinsa suka sani. Masu iya wannan ba su da yawa, kuma mafi yawan aikin nasu yana ƙarewa ne tun yatsa bai taɓa maɓalli ba.

Gwani ba ya sauka daga mota ya hau ɗauka. Masu wurin yake fara nema. Kowace tasha tana da shugabanninta, 'yan ƙungiyar direbobi na da ofishinsu ko da benci ne a gindin bishiya, kasuwa na da sarkinta, unguwa na da mai unguwa. Zai je ya yi sallama, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ke tafe da shi, ya nuna hotunan da ya ɗauka a wasu wurare. Sau da yawa sai a haɗa shi da wani yaro a ce ya zaga da shi, kuma yaron nan ya fi kowace takardar izini amfani, don da ɗan gari akan ci gari. Daga nan sai teburin mai shayi. Ya zauna a haɗa masa, kyamara na rataye a ƙirjinsa inda kowa zai gan ta, bai ɓoye ba, bai kuma ɗaga ba. Yana kallon inda rana ke faɗowa, yana lura da wanda ake girmamawa da wanda ake tsokana, mutane kuma suna kallonsa har su ƙoshi. Kafin ya shanye wani zai tambaya, "Malam, ɗan jarida ne?" Tambayar da yake jira ke nan, domin amsar da ya bayar za ta riga shi zaga tashar.

Wanda bai san yankin ba zai ce duk wannan jan rai ne. Amma mutanen kudancin Kano suna da hujjar yin ɗari-ɗari da kyamara. Dajin Falgore ya yi shekaru yana ɓoye ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. A inda aka sha jin labarin masu kai wa ɓarayi rahoto, baƙon da ke ɗaukar hoton mutumin da ya sayar da sa ya cusa kuɗin a aljihu ba abin wasa ba ne. Makiyayi na tsoron kada gobe ya ga fuskarsa a Facebook an rubuta ɗan bindiga a ƙasa. Ga waɗanda aka sha karɓar fasfo ɗinsu da sunan tallafi, shiru kake ji. Ga mai ganin za a kai hotonsa Turai a karɓi kuɗi da talaucinsa, ga mai gudun a kai wurin boka. Akwai kuma wanda malaminsa ya karantar da shi cewa hoton mai rai bai halatta ba sai da larura, irin na katin zaɓe ko na aikin Hajji. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, bakin titi kuwa ba wurin warware saɓanin ba ne. Gwani ya san duk waɗannan, ba ya jin haushin ko ɗaya, kuma ba ya ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro ko da wasa.

A ce ga wani dattijo mai rake zaune a kan buhu, da malfa a kansa, yana fere gaɓa da wuƙa. Gwani zai zo masa ta gaba, ya rage tsawo.

"Salamu alaikum. Baba, barka da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. Barka kadai, samari."

"Ya ciniki? Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Na nawa za a yanka maka?"

"A ba ni na ɗari biyu. Wannan na fadamar nan ne, ko daga Maƙarfi aka kawo?"

Ya tambayi mutum abin da ya fi kowa sani, kuma babu mai sana'ar da ba ya son a tambaye shi sana'arsa. Dattijo zai gyara zama ya yi bayanin bambancin wannan raken da wancan, da watan da ya fi zaƙi, da yadda kuɗin mota ya cinye riba. Sai an sha rabin gaɓa tukuna.

"Baba, ni sana'ata hoto. Tun daga wurin mai shayi nake hangen malfar nan taka da yadda kake riƙe wuƙa. In ka yarda ina so in ɗauke ka. In ba ka so, wallahi ba komai."

"Ni kuma? Tsofai-tsofai da ni, me za ka yi da hotona?"

"Zan wanko maka naka in kawo. Ɗaya kuma in ajiye cikin na masu sana'a da nake tarawa. In zan sa shi a waya duniya ta gani, sai na gaya maka."

A lura bai ce masa yana da kyau ba, maganar da dattijo zai ɗauka raini ne ko zamba. Ya faɗi takamaiman abin da ya gani, malfa da riƙon wuƙa, abubuwan da mai su ya san nasa ne kuma ya san ya iya. Ya faɗi gaskiyar inda hoton zai je. Sannan ya bar masa ƙofar fita a buɗe, kuma a nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo, saboda Bahaushe ba kasafai yake ce wa baƙo a'a kai tsaye ba. Zai ce bari ya sallami masu saye, ko sai wani jiƙon, ko ya yi dariya ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fira. Akwai "ai ban yi wanka ba" ta mai son a ɗan lallashe shi, wanda yana faɗa hannunsa na kan hula yana gyarawa. Akwai kuma "ai ban yi wanka ba" ta mai son ka tafi, wanda yana faɗa idonsa na kan titi. Kalmomin iri ɗaya ne. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai cewa "to, ɗauka mana" don kara kawai, don ka sayi rakensa kuma ka zo da yaron sarkin tasha. In ka ɗauke shi za ka samu hoto, amma mutumin ba ya ciki. Gwani in ya ga haka sai ya saki maganar da kansa, ya biya kuɗin rake, ya yi godiya, ya tashi da fara'arsa. Bai yi asara ba. Mutum goma sun ga an ƙi shi bai ɓata rai ba, kuma cikinsu ne wani zai kira shi ya ce, "Malam, zo ka ɗauke ni."

Maganar mata ta fi wannan nauyi. Matar aure ba a tunkarar ta da kyamara don an gan ta a kasuwa. Ko ita ta yarda, akwai wanda zai tambaye ta a gida. Cikin masu tallan nono kullum akwai babba da sauran ke jin maganarta, ita ake fara gaisarwa da Inna ko Goggo, a sayi fura a sha, in ta ce a'a ta faɗa wa kowa ke nan. 'Yan mata masu talla sukan fi kowa son hoto, su ne kuma hoton ya fi iya cutarwa: iyayensu ba sa wurin, yarinya ba ta san nisan da hoto ke yi a waya ba, kuma ba a rasa inda irin wannan ya jawo magana a gidan da ake neman aurenta. A ganina namijin mai hoto da ya san ciwon kansa ya haƙura da wannan fannin, ya bar wa mata 'yan uwansa masu kyamara. Fati Abubakar ta nuna abin da mace za ta iya. A 2015 ta fara bin titunan Maiduguri da kasuwanninta tana ɗaukar mutanen da ta tarar, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu zuwa biki, tana sa hotunan a shafinta mai suna Bits of Borno tare da abin da suka gaya mata, a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam da gawa.

Yara kuwa babu mai tsere musu. Da sun ga kyamara za su cika gabanta, kowa ya ɗaga yatsu biyu. Dabarar ita ce a ba su nasu tun farko, a tara su a ɗauka, a nuna musu su yi ihu, sannan a naɗa babbansu dogari ya tsare sauran.

To, a ce Baba mai rake ya yarda. Yanzu saura rana, kuma ranar ƙasar nan ba ta da tausayin mai hoto. Daga hantsi ya ɗaga har bayan azahar tana tsaye a tsakar ka, sai ta haske goshi da karan hanci ta bar idanu cikin rami. In akwai malfa, fuskar gaba ɗaya ta shige duhu. Ƙari a kan haka, kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi mai da shi tsaka-tsaki. In ta ga farar riga ƙal sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito daidai, mai rigar ya zama inuwa da haƙora. Matsalar tsohuwa ce. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da fatarta ake daidaita launi, kuma an daɗe ana haka kafin a waiwayi baƙar fata. Kyamarorin yau sun gyaru, har kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da Itel ya ci kasuwar Afirka da wayoyin da aka saita don fatarmu. Amma su ma suna da tasu cutar, don in aka bar su da son ransu sai su goge fuska su ƙara mata fari, su share tamoji da tsage, dattijo ɗan saba'in ya fito sumul. Gwani yana kashe wannan tun a gida. A kan fuska yake auna haske, ya ƙara kaɗan, yana kuma sa ido kada aikin wuyan riga ya ƙone ya ɓace.

Maganin da ya fi duk wannan sauƙi bai wuce taku biyu ba. Sai ya ce, "Baba, ɗan matso nan bakin rumfa." Mutum ya shiga inuwa da taku ɗaya, fuskarsa na kallon waje. Rana ba ta dukan sa, amma tana dukan farar ƙasar da ke gabansa, ƙasar kuma ta maido hasken sama a hankali, ya shiga ƙarƙashin malfa, ya cika ramin ido, ya ajiye ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar. Ɗigon nan shi ke sa ka ga hoto ka ji kamar mai shi zai yi magana. Baƙar fata a irin wannan haske tana fitar da launuka da ba a lura da su a rana: ja-ja a kumatu, shuɗi-shuɗi a gefen goshi inda sama ta taɓa. In hasken bai isa ba, yaron nan ɗan rakiya ya riƙe farin buhun da ba komai a ciki daga gefe, ya wadatar. Sai dai ba kowace inuwa ba ce. Rumfar tamfol shuɗi ko ruwan lemo tana rina fuska da launinta, kuma babu gyaran da zai fitar da shi sarai. Inuwar darbejiya tana yayyafa wa fuska dabbare-dabbaren rana. Rumfar kara in ta tsufa tana zana layuka. Gwani yana ganin waɗannan tun yana shan shayi, shi ya sa in ya tashi ya riga ya san rumfar da zai nufa.

Lokacin hunturu hazo kan yi masa rabin aikin, ya lulluɓe rana har a iya ɗaukar mutum a fili da tsakar rana. Kuɗin da hazo ke karɓa shi ne launi ya dushe, fata ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, ƙura kuma ta shiga kyamara in aka kuskura aka canza gilashi a waje. Da damina bayan an ɗauke ruwa komai ya wanku, masara ta yi kore shar a bayan mutum. Hasken da ya fi kowanne daɗi shi ne na bayan la'asar, amma a Kwanar Dangora lokacin ne masu shiga Falgore ke ɗokin su ratsa daji da sauran rana, ba mai tsaya maka. Saboda haka matafiyi da safe ake samun sa, mazaunin wuri da yamma.

Nisan da ake tsayawa ma ilimi ne. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kusan milimita 26 a lissafin masu hoto, in ka kai ta kusa da fuska sai hanci ya kumbura kunnuwa su gudu baya. Masu kyamara sukan zaɓi gilashi mai milimita 50 ko 85, mai waya kuma ya ja da baya taku uku ya danna ninki biyu. Amma ba a yin nisa har murya ta daina kaiwa. Wanda ya tsaya tsallaken titi da dogon gilashi ya koma ɓarawon hoto ko da an ba shi izini, don ba zai iya hira ba. Daidai inda za ka tsaya ka gaisa da mutum ba tare da ɗaga murya ba, nan ne wurin. Gwani yakan buɗe gilashi zuwa 2.8 ko 4 don bayan ya ɗan narke, ba har raken da wuƙar su ɓace ba, tunda su ne shaidar ko wane ne wannan. Saurin ɗauka kuma kada ya gaza kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, saboda mai hira ba ya zama cak. Saiti a kan idon da ya fi kusa. Duk wannan ya gama shi kafin ya yi sallama. Mai hoton da ya samu izini sannan ya duƙufa yana murɗe-murɗen maɓallai, kafin ya ɗago mai saye ya zo, Baba ya juya.

Sannan ya durƙusa. Wanda ke zaune in aka ɗauke shi daga tsaye, kai ya yi girma, jiki ya tsuke, ido na kallon sama, ya fito da siffar mai roƙo ko da shi ne mai gonar raken gaba ɗaya. In kyamara ta sauko daidai idonsa sai ya fito mai gida a wurinsa. Abin sha'awa, abin da ladabi ya ce a yi a gaban babba shi ne dai abin da hoton ke so. Daga durƙuson yake duba bayan mutum, don bakin hanya cike yake da abin ɓata hoto: turken lantarki da zai tsiro daga tsakar hula, fastar ɗan takara da za ta mai da Baba ɗan jam'iyyar da ba tasa ba, leda a maƙale a waya. Ba ya tayar da dattijo sau uku. Shi ne zai gusa rabin taku hagu ko dama har ya sa shi a jikin bangon ƙasa, ko tarin buhuna, ko gefen babbar mota mai zane.

Da kyamara ta hau ido, mutum zai sauya. Ƙirji ya fito, hannuwa su manne a cinya, fuska ta ɗaure tamau. Hoton katin zaɓe da na katin ɗan ƙasa ne suka koya wa mutane haka. Gwani ba ya hana shi. Yana barin sa ya karkaɗe riga, ya gyara karin hula, ya goge fuska da gefen rawani, ya zubar da tukar goro, sannan ya ɗauki wannan ɗin da kyau, domin haƙƙin mai shi ne, kuma sau da yawa shi ne wanda zai fi so a kawo masa. Ba ya kuma cewa a yi murmushi. Dattijon Bahaushe ba ya ganin wage baki a hoto abin yi ne. Kamala yake so a gani, da natsuwa, kuma wanda ya matsa masa sai ya yi dariya ya samu yaƙe.

Bayan an ji ƙarar ɗauka ta farko, mutum yakan saki numfashi yana zaton an gama. Kafaɗu su sauko, hannu ya koma kan wuƙa, ido ya dawo nasa. Tsakanin wannan da lokacin da zai juya ga mai saye bai fi ƙiftawa biyu ba, kuma a nan hoton yake. Gwani bai sauke kyamara ba, ya dai zame fuskarsa gefe kaɗan yana ci gaba da magana. In fuskar ta ƙi sakuwa, akwai wasan da ya dace da wurin, tunda Kwanar Dangora dab take da ƙasar Zazzau, Kanawa da Zage-zagi kuma abokan wasa ne tun kaka da kakanni. "Baba, ko dai Bazazzagi ne kai, na ga kyamara ta firgita ka?" 'Yan kallo su kwashe da dariya, Baba ya rama da wadda ta fi ta zafi. Ba a tsakiyar dariyar ake dannawa ba, lokacin ido a rufe yake. Ana jira ta fara sauka, bakin ya rufe, sauranta na nan a ido. Amma wasan nan sai wanda ya san waye abokin wasansa. Bafulatani da Babarbare sun san abin da ke tsakaninsu, wanda kuwa ya yi wa mutum wasan da ba nasa ba ya ja wa kansa. Aikin ya yi kama da na wanzami, wanda baƙo ke miƙa wa kansa ya rufe ido: sai hannu mai sauƙi, da sanin inda ba a taɓawa.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da irin wannan gwaninta suka yi suna. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma da yawa cikin waɗanda ya ɗauka matafiya ne da bai taɓa gani ba. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zanen gado a baya, kuma saboda tsadar fim yawanci sau ɗaya yake dannawa. Duk gyaran zama da na hannu da na mayafi kafin nan ake yin sa. J. D. 'Okhai Ojeikere a nan Najeriya ya fara bin kitson mata a 1968, a titi da ofis da wurin biki, har ya tara hotuna kusan dubu, yawancinsu ta ƙeya, yana tambayar sunan kowane kitso. Da yawa cikin kitson nan yanzu sai a hotunansa. Irin wannan aikin na jiran mai yi a kudancin Kano. Tsagen gado da ke fuskar tsofaffi, wanda da shi ake gane garin mutum da zuriyarsa, ba a cika yi wa jarirai ba yanzu. Malfa na raguwa, ƙwaryar nono na komawa bokitin roba.

Abin da ke biyo bayan ɗauka shi ma cikin gwanintar yake. Nan take ake juya kyamara a nuna wa mutum, in ya ce a goge a goge a gabansa. A rubuta sunansa yadda yake so a kira shi, da garinsu, da ranar. A 1936 Dorothea Lange ta ɗauki wata mata da 'ya'yanta a sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya ta Amurka, hoton ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a duniya, amma ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 aka san Florence Owens Thompson ce, ita kuma ta koka cewa ko kwabo ba ta samu ba. Yarinyar Afganistan da Steve McCurry ya ɗauka a 1984, wadda ta fito a bangon mujallar National Geographic a 1985, sai a 2002 aka nemo ta aka san sunanta Sharbat Gula. Hotunan sun yi kyau, ba mai musu, amma ni dai ba na son a koyi wannan ɓangaren.

Wani zai ce, "Nawa za ka ba ni?" Tambaya ce mai kyau. In hoton na sayarwa ne ko na talla, a faɗa, a yi ciniki, a biya. In ba haka ba, sayen abin da mutum ke sayarwa ya fi miƙa masa kuɗi mutunci, raba wa yara naira hamsin-hamsin kuwa koya musu bara ne, kuma mai hoton da zai zo gobe shi zai biya bashin.

Alkawarin kawo hoto shi ne inda yawancin masu kyamara ke faɗuwa. Turawa ta WhatsApp ba ta wadatar ba, don Baba ƙaramar waya gare shi, in ma jikansa ya karɓa, ranar da wayar ta lalace shi ke nan. A wanko a takarda, a sa a leda saboda ƙura, a rubuta suna a baya. In ba a tarar da mai shi ba a bar wa mai shayi ko mai cajin waya, su sun san kowa, har makiyayin da sai mako-mako yake fitowa. Ranar da aka kawo, hoton zai bi hannu ashirin kafin ya isa ga mai shi, ana ta ba'a ana cewa ashe haka Baba yake da kyau.

Zuwa na biyun nan yana da tasa wahalar. Yanzu ba mai gudun kyamara, kowa so yake. Mai faci ya ce a jira ya wanke hannu, ɗan acaɓa ya aro tabarau, mai tsire ya aika gida a kawo masa babbar riga, wanda ya ƙi rannan ya zo yana cewa shi aka tsallake. Sai mai hoto ya ɗauki arba'in na kwalliya, ya wanko su duka da kuɗinsa, kafin su gaji da shi su koma harkokinsu ya samu ya ci gaba da aikin da ya kawo shi.